Wa Ya Koya wa 'Ya'yanmu Tsoron Waƙa?

Duk malamin da ya taɓa shirya 'yan ajin ƙarshe na sakandare don jarrabawar WAEC ko NECO a ƙasar Birnin Kudu da Gwaram ya san inda ɗalibai ke tirjewa. A darasin Hausa ba sa gudun nahawu, ba sa gudun insha'i, labari da wasan kwaikwayo kuwa har ɗokinsu suke yi. Amma da zarar an ce yau rubutacciyar waƙa za a yi, sai aji ya yi tsit, kawuna su sunkuya, masu neman izinin fita su yawaita. In waƙar Turanci ce abin ya fi muni. Abin da za ka ji a bakinsu shi ne: "Malam, wallahi waƙa ba ta shiga kaina." Wasu ma tun kafin a raba takardar tambayoyi sun riga sun yafe makin sashen waƙa.

Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin na tabbata ba a haifi yaranmu da wannan tsoro ba. Mu muka dasa musu shi a aji da kuma a gida, saboda haka mu ne za mu cire shi.

A Turai da Amurka akan sa tsoron waƙa cikin jerin matsanancin tsoron da ake kira fobiya, har ana ce masa metrofobiya. Sai dai a wajen likitocin ƙwaƙwalwa ba kowane tsoro ne cuta ba. Littafin DSM-5, wanda ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta fitar a 2013, ya gindaya sharuɗɗa kafin a kira tsoro cuta. Sai ya zarce girman haɗarin abin da ake tsoro, ya riƙa tasowa kusan duk lokacin da aka yi arba da abin, mutum ya riƙa kauce masa ko ya jure shi cikin azaba, ya kai wata 6 ko fiye, kuma ya dagula masa karatu ko sana'a ko zama da jama'a. Littafin ya ambaci tsoron dabbobi, da na tsawa da ruwa da wuri mai tsayi, da na jini da allura, da na shiga jirgin sama ko matsattsen wuri, sannan ya bar rukuni guda na sauran abubuwa. Bai ware wa waƙa gurbi nata na kanta ba. Mai irin wannan cuta zuciyarsa kan buga da ƙarfi, gumi ya keto masa, bakinsa ya bushe, jikinsa ya ɗauki rawa, alhali shi kansa ya san abin bai kai haka ba.

A bisa wannan ma'auni, mafi yawan ɗalibanmu lafiyarsu lau. Amma hanyar da tsoro ke bi ya shiga zuciya iri ɗaya ce, ƙarami ne ko babba. Masanin halayyar ɗan Adam Stanley Rachman ya zayyana hanyoyi uku a 1977: mutum ya sha wuya da kansa a hannun abin, ko ya ga wani ya sha wuya, ko ya yi ta jin ana cewa abin mugu ne. Masana sun kuma tabbatar cewa gudun abin da ake tsoro shi ke ƙara wa tsoron ƙarfi, domin duk ranar da mutum ya kauce ya ji sanyi a ransa, zuciyarsa za ta ɗauka kaucewar ce ta cece shi. Duk hanyoyin nan uku a buɗe suke a makarantunmu da gidajenmu.

Kafin mu bi su ɗaya bayan ɗaya, mu tuna irin ƙasar da muke magana a kanta. A Birnin Kudu ne, a 1955, Bature masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya lura da duwatsun nan masu amo waɗanda in an ƙwanƙwasa su suke ba da sauti, a kusa da zanen shanun da ke jikin duwatsun garin, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude, kuma daga nan labarinsu ya bazu a duniyar masana. Mutanen wannan yanki sun daɗe suna fitar da kiɗa har daga jikin dutse. Yau ma yaron Sundimina ko na Basirka da waƙa ake renonsa a bayan uwa. Da waƙa ake daka da niƙa, da waƙa 'yan mata ke gaɗa a dandali, da waƙa ake zuga majiya ƙarfi a gonar gayya, da waƙa yara ke tashe a watan azumi. Ka shiga kasuwar Sara ko ta Babaldu, ka saurari abin da ke fita daga rumfunan masu cajin waya. Samarin da ke cewa waƙa ba ta shiga kansu sun haddace waƙoƙin Aminu Ala da Nura M. Inuwa da Rarara daga farko har ƙarshe, sun san inda aka yi habaici, sun san da wa ake, ba tare da wani malami ya warware musu ba.

Ka leƙa Islamiyya da yamma ka ga abin da ya fi wannan. Yara a jere kan tabarma, malami ya rera baiti daga Tuhfatul Aɗfal, su amsa da murya ɗaya suna rausaya. Ƙananan da ba su iya haɗa baƙi ba suna kama kalmomin daga bakin yayyensu. Waƙa ce ta Larabci, harshen da ba nasu ba, a kan hukunce-hukuncen tajwidi, kuma babu wanda gumi ke keto wa. Haka iyayenmu suka karanci Ishiriniya da Burda, haka almajiran ilimi suke haddace nahawu ta Alfiyyar Ibnu Malik mai baiti wajen 1,000. Malaman zaure sun daɗe da gane cewa abin da aka rera ya fi zama a ka. Yaron da ya yi wannan da yamma shi ne dai yake rawar jiki da safe a gaban baiti biyu na Hausa. Ashe ba a jikin yaron matsalar take ba, ba kuma a jikin waƙar ba.

Hanya ta farko ita ce wuyar da yaro ke sha da kansa. Na taɓa zama a bayan wani aji a ƙasar Gwaram ina kallon darasin waƙa. Malamin ya rubuta baitoci a allo, ya karanta su da murya irin ta mai karanta sanarwa, ba rauji, ba tsayawa. Akwai kalmomin Larabci da tsohuwar Hausa a ciki, bai fassara ko ɗaya ba. Sai ya nuna wata yarinya: "Ke, tashi ki fitar mana da jigo da salon sarrafa harshe." Ta miƙe tana murza bakin hijabinta, tana lasar leɓe, idonta a kan allo kamar tana neman inda aka ɓoye amsar. Can ta ce a hankali, "Malam, ban gane ba." Aka fashe da dariya, aka ce ta fito ta durƙusa. Bayan an tashi ƙawayenta suka gaya mini cewa a dandalin unguwarsu ita ce mai bayar da waƙa, su suna amshi, kuma takan ƙirƙiro ɗiyan waƙa nan take. An ba yarinyar nan garin dawa ɗanye an ce ta faɗi daɗin tuwo, da ta kasa aka hukunta ta.

Ban ɗora wa malamin nan laifin duka ba. Shi ma haka aka koya masa. Da yawan malamanmu sun fito daga kwaleji da tarin sunaye a ka: ɗango, baiti, ƙwar biyu, ƙwar biyar, amsa-amon ciki da na waje, jigo da warwararsa, zubi da tsari, sannan karuruwan aruli 16 da aka gada daga Larabawa, ilimin da Khalilu bin Ahmad na Basra ya kafa a ƙarni na 8. Amma ba a taɓa sa su sun tsaya gaban jama'a sun rera baiti ɗaya ba. Malamin da ke jin kunyar muryarsa zai ture sashen waƙa zuwa ƙarshen zango, in lokaci ya ƙure ya rubuta wa ɗalibai taƙaitaccen bayani a allo ya ce su haddace. Ta haka tsoron malami ke zama gadon ɗalibi. A ajin adabin Turanci kuwa nauyin biyu ne. Yaron da ke fama da harshen kansa ga shi an haɗa shi da waƙar da ke maganar dusar ƙanƙara da furannin da bai taɓa gani ba, ga kuma waƙar ba-zata da ake kawowa a jarrabawa wadda bai taɓa karantawa ba.

Hanya ta biyu ba ta buƙatar dogon bayani. A ajin da na ambata yarinya ɗaya ce ta durƙusa, amma duk wanda ke zaune ya ɗauki darasi: kada ka kuskura ka ɗaga hannu ranar waƙa. Dariyar abokai ta fi bulala ciwo a wajen matashi, kuma tabonta ya fi daɗewa.

Hanya ta uku ita ce abin da yaro ke ji, kuma a nan gida ya shigo. 'Yan aji na gaba sukan gaya wa na baya cewa waƙa ce ke kayar da mutane a jarrabawa. A gida kuma, in aka ga yaro yana tsara baitoci a bayan littafinsa, wani uban zai daka masa tsawa: "Mu ba maroƙa ba ne, ba mu gaji roƙo ba." Wata uwar za ta ce, "Ɗan nan, ka bar wannan shiririta ka kama karatu." Wani kuma zai kawo addini, ya ce ai an zargi mawaƙa a ƙarshen Suratush Shu'ara. Gaskiya ne an zarge su, amma a nan wurin dai aka togace muminai masu aikin ƙwarai daga cikinsu. Hassanu bin Sabit mawaƙin Manzon Allah ne, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma Ka'abu bin Zuhair a gaban Manzon Allah ya rera waƙarsa aka yafa masa mayafi. Saɓanin malamai a kan kiɗa daban yake, kuma rubutacciyar waƙar Hausa tun asali da murya kaɗai ake rera ta. Ana auna waƙa ne da abin da ta ƙunsa, kamar kowace magana.

Wanda ya ce tsara waƙa aikin 'yan shiririta ne, ya duba su wa suka yi ta a ƙasar nan. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi, ƙaninsa Abdullahi ya yi. 'Yar Shehu, Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta tsara waƙoƙi da Fulatanci da Hausa da Larabci, ta naɗa jajoji suna kai su ƙauyuka, matan 'yan taru suna haddace tauhidi da tarihin Annabi da kyawawan halaye ta hanyar rerawa, da yawansu ba su iya karatu ba. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, da kunne da baki ya gina Imfiraji, kuma a bakin makafi masu bara ta karaɗe Arewa. Sa'adu Zungur, ɗan Bauchi maƙwabciyar Gwaram, wanda ya rasu a 1958, malami ne ɗan malamai, da waƙa ya yi wa Arewa gargaɗi a kan makomarta. A nan Jigawa muna da Mu'azu Haɗeja, malamin makaranta, wanda aka buga waƙoƙinsa na gyaran hali da kira ga neman ilimi a Zariya. Aƙilu Aliyu, wanda ya rasu a 1999, mutane da yawa a rediyo suka fara sanin muryarsa kafin su ga Fasaha Aƙiliya a takarda. Duk waɗannan don kunne suka yi waƙa. Takarda ma'ajiya ce kawai. Da Bahaushe ya ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, baki ya ambata.

Wani zai ce, to mene ne abin damuwa in yaro bai son waƙa, ai ba ita za ta ba shi abinci ba. Asarar ta fi ƙarfin makin jarrabawa. Babban kaso na tarihinmu a cikin waƙa yake ajiye. Wanda yake son ya san yadda aka gwabza tsakanin NEPU da NPC a shekarun 1950, dole ya bi ta kan waƙoƙin Mudi Sipikin da takwarorinsa na ɓangarorin biyu. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939, ta riƙa buga waƙoƙin masu karatunta. Da aka sauya hannun tuƙi a 1972, aka kawo naira da kwabo a 1973, mawaƙa na cikin waɗanda suka wayar wa jama'a kai. Yaron da ya tashi yana gudun waƙa an rufe masa ƙofar wannan taska. Bayan haka, a waƙa ake koyon auna magana, da zaɓen kalma, da gane abin da ke ƙarƙashin zance. Matashin da bai saba tsayawa ya tambayi me baiti ke nufi ba, shi ne wanda waƙar siyasa za ta kwashe lokacin zaɓe, ya yi ta rawa ba tare da ya tambayi ko abin da ake faɗa gaskiya ne ba. Uwa uba, yarinyar da aka kunyata don ta kasa fitar da jigo ba waƙa kaɗai take dainawa ba. Magana a gaban mutane ma takan daina.

Ba cewa nake a jefar da nazari ba. Tsarin nazarin waƙa da Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo na Jami'ar Bayero da sauran masana suka shimfiɗa babban aiki ne, kuma ɗalibi na buƙatarsa don jarrabawa da kuma zurfafa fahimta. Abin da nake ƙi shi ne a fara da shi. Larabawa sun yi ɗaruruwan shekaru suna waƙa kafin Khalilu ya zo ya auna ta. Ji ne farko, aunawa daga baya.

Maganin da likitoci suka fi amincewa da shi ga matsanancin tsoro shi ne a kusantar da mutum ga abin da yake tsoro sannu a hankali, mataki bayan mataki, cikin aminci, har zuciyarsa ta gane babu cutarwa. Malamin aji zai iya aron wannan dabara ba tare da ya kashe ko kwabo ba. Ranar farko a saurara kawai: malam ya rera, in muryarsa ba ta ba shi haɗin kai ba ya kunna a waya, ko ya gayyato wani dattijon gari ko malamin zaure mai rauji. Sannan aji duka su amsa tare, inda muryar kowa ke ɓuya cikin ta jama'a. Sannan a fassara kalmomi masu tsauri ɗaya bayan ɗaya, a ba da labarin mawaƙin da dalilin waƙar. Sannan a tambayi yara me suka fahimta, a karɓi kowace amsa da mutunci, ko da gyara za a yi mata. Bayan nan su rera bibbiyu, sai wanda ya shirya ya tashi shi kaɗai. In kunne ya saba, a sa su tafa hannu su ji inda gaɓa ta yi nauyi da inda ta yi sauƙi, sai a gaya musu sunan abin da suka riga suka ji. A ƙarshe kowa ya tsara baiti biyu a kan abin da ya sani: ranar kasuwa, saukar damina, girbin gero, kakarsa. Bulala da durƙuso kada su kusanci wannan darasi. Waƙar Turanci ma haka za a bi da ita, a karanta ta da murya, a warware labarinta da Hausa tukuna, sannan a koma ga Turancin.

A kula da yaro mai in'ina musamman. Sananne ne cewa masu in'ina da yawa kan rera waƙa sumul ba tare da harshe ya sarƙe ba, don haka rerawa tare da jama'a na iya zame masa ƙofar samun ƙarfin gwiwa, muddin ba a tilasta masa tashi shi kaɗai ba. In kuwa aka ga yaron da tsoronsa ya wuce misali, yana rawar jiki, numfashinsa na sarƙewa, yana ƙin zuwa makaranta wata da watanni saboda kada a sa shi karatu a gaban aji, wannan ba taurin kai ba ne, kuma duka ba zai gyara shi ba. A yi masa addu'a, a kuma kai shi ga likita. Cibiyar Lafiya ta Tarayya tana nan cikin Birnin Kudu, in abin ya fi ƙarfinsu za su nuna inda za a je. Irin wannan tsoro yana jin magani.

Hukumomi ma da nasu aikin. Kwalejin Ilimi ta Gumel da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa da Jami'ar Tarayya ta Dutse su tabbatar duk wanda zai fita ya koyar da harshe ko adabi ya taɓa tsayawa gaban mutane ya rera waƙa. Ma'aikatar Ilimi da ke Dutse ta tara muryoyin masu rauji suna rera waƙoƙin da ke cikin manhaja, a tura wa malamai ta WhatsApp, gidajen rediyon jihar su ware musu fili. Mun ga yadda musabaƙar Alƙur'ani, wadda Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato ta fara a 1986, ta sa yaran ƙauye tsayawa gaban dubban mutane ba tare da fargaba ba. Gasar rera waƙa da tsara ta tsakanin makarantun Birnin Kudu da Gwaram da Buji ba za ta gagara ba, kuma ga rana a shirye: 21 ga Maris, wadda UNESCO ta ayyana a 1999 a matsayin Ranar Waƙa ta Duniya. Tsofaffin ɗaliban Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, makarantar da ta yaye manyan mutane irin su Alhaji Aliko Ɗangote, za su iya ɗaukar nauyin kyaututtukan ba tare da sun ji a jikinsu ba.

Amma ba sai an jira Dutse ba. Malam, darasin waƙa na gaba da za ka shiga, ka rera kafin ka ɗauki alli, kuma kada ka bari a yi wa mai amsa dariya. Iyaye, in kun tarar da baitoci a littafin ɗanku ko 'yarku, ku ce a karanta muku, ku gyara abin da ya kauce wa tarbiyya, ku sa albarka ga sauran. Ɗalibai kuma ku sani, wanda ya iya haddace waƙar waya ya gane habaicinta, zai iya fahimtar ta Mu'azu Haɗeja. Ƙasar da ta gaji waƙa daga malamanta da iyayenta mata bai kamata ta yaye 'ya'yan da ke tsoronta ba. Allah Ya ba mu ikon gyarawa.